Maganin toshewar hanci ta intanet da gidan waya: me jihohin Amurka ke hanawa, wa kuma abin yake shafa?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake son masu ilimin abin su warware mana. Mutum zai shiga shafin babban kantin magani a nan Amurka, ya ga Sudafed ko Claritin-D da hotonsa da farashinsa, amma da ya zo biya sai a ce ba a aikowa gida, sai dai ya taka ya je kanti da kansa. Wani kuma a wani wurin an aiko masa bayan ya tura hoton lasisin tuƙi. Maganin mura ne fa, ba ya buƙatar takardar likita. Dokar tarayya ce ta hana, ko ta jiha, ko kamfanonin ne suka ga dama? Idan kuma majalisar jiha ta kawo ƙudurin hana aikawar gaba ɗaya, goyon baya ya kamata mu yi ko adawa?

Hajiya Mai Kemis:
Wa alaikumus salam, Baban Sadiq. Duka ukun da ka lissafa suna ciki, amma a fara da tushe. Ba kowane maganin mura ake nufi ba. Sinadari ɗaya ne ya jawo duk wannan, wato sudofedirin, wanda a jikin kwali za ka ga an rubuta pseudoephedrine. Shi ne a cikin Sudafed na asali da duk waɗannan masu harafin D a ƙarshe: Claritin-D, Zyrtec-D, Allegra-D, Mucinex D. Aikinsa shi ne matse jijiyoyin jinin cikin hanci, kumburin ya sauka, iska ta wuce. Matsalar ita ce da shi ake iya haɗa muguwar ƙwayar maye ta metamfetamin.

Dokar tarayyar ita ce ta yaƙi da annobar metamfetamin, wadda aka fi sani da CMEA, Shugaba George W. Bush ya sa mata hannu ranar 9 ga Maris, 2006. Abin da ta ce a taƙaice: kada a sayar wa mutum ɗaya fiye da giram 3.6 a rana, kada mutum ya sayi fiye da giram 9 cikin kwana 30. A ajiye maganin bayan kanta ko cikin durowa mai makulli. Mai saye ya nuna katin shaida mai hoto, a rubuta sunansa da adireshinsa da rana da lokaci da yawan abin da ya saya, ya sa hannu, kantin kuma ya adana rajistar shekara biyu. Ƙwayoyin dole su zo a kati, ba a zube cikin kwalba ba.

Dokar ba ta hana aikawa ta gidan waya ba. Ta dai rage ma'aunin zuwa giram 7.5 cikin kwana 30 ga kowane mai saye, ta kuma ɗora wa mai sayarwar wasu sharuɗɗa na daban.

Barista:
Bari in ɗora a kan ta Hajiya, don sharuɗɗan nan su ne amsar rabin tambayarka. Kafin kamfani ya saka maganin a kwali, dole ya karɓi kwafin katin shaida mai hoto wanda jiha ko gwamnatin tarayya ta bayar. Dole ya duba ko suna da adireshin da ke jikin katin sun yi daidai da waɗanda aka rubuta a oda. Idan an ce a kai wa wani mutum dabam, shi ma sai an tantance shi, in ba a iya ba to ba a aikawa. Sannan duk wata sai ya miƙa wa DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta tarayya, rahoton wanda ya sayar wa da adadin, zuwa ranar 15 ga watan da ke biye. A wata dokar ta 2010 kuma aka ƙara cewa masu sayarwa ta gidan waya su ma sai sun yi rajistar tabbatar da sun horar da ma'aikatansu, kamar yadda kantuna ke yi.

Ka ɗora wannan duka a kan kwalin da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa manyan kantuna da yawa suka zaɓi su ce a zo a karɓa a kanta, ko da a jihar da ba ta hana komai ba. Ba duk inda aka ƙi aiko maka ba ne doka ta hana.

Ɗaya rabin shi ne jiha. Dokar tarayya mafi ƙarancin sharaɗi ta kafa, ba iyakarsa ba: jiha na da damar ta tsananta fiye da haka. Kuma ba sai dokar jiha ta ambaci intanet ba kafin ta kashe cinikin intanet. Oklahoma ce ta fara a 2004, bayan wani mai haɗa ƙwayar ya kashe jami'in tsaron hanya Nik Green. Ta saka ƙwayoyin sudofedirin a rukuni na biyar na magungunan da ake sa wa ido, ma'ana a kantin magani mai lasisi kaɗai za a bayar, da katin shaida da sa hannu. Iowa ta bi sahu a 2005. Da zarar doka ta ce sai mai harhaɗa magani ya ga katin ka sa hannu a gabansa, ai oda ta waya ta mutu ke nan.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai. Amma wannan giram ɗin, ƙwaya nawa ke nan a zahiri? Mutum ba ya yawo da sikeli.

Hajiya Mai Kemis:
Tambaya mai kyau, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Ma'aunin tarayya ba lambar jikin kwali yake ƙirgawa ba, ainihin sinadarin yake ƙirgawa. Maganin yana zuwa ne a haɗe da gishirinsa. Wanda aka rubuta HCl a gabansa, kusan kashi 82 cikin ɗari ne ainihin sinadarin. Wanda aka rubuta sulfate, kusan kashi 77.

Ƙwayar Sudafed ƙarama mai miligiram 30: guda 146 ne ma'aunin rana, 366 na kwana 30 a kanti, 305 ta gidan waya. Mai miligiram 120 ta awa 12, irin ta Zyrtec-D: 36 a rana, 91 a kanti, 76 ta gidan waya. Claritin-D ta awa 24 mai miligiram 240: 19 a rana, 48 a kanti, 40 ta gidan waya.

Ka lura da ta ƙarshen nan. Ma'aunin rana 19 ne, shi ya sa ba za a ba ka kwali biyu masu ƙwaya 15 a zuwa ɗaya ba, ko da na watanka bai cika ba. Sai ka dawo gobe. Mutum ɗaya mai shan ɗaya kullum zai cinye kusan giram 5.5 a wata, yana cikin iyaka. Amma uba mai saya wa kansa da ɗansa ɗan shekara 15, su biyun giram 11 ne, ya wuce ma'aunin kanti balle na gidan waya. Yaron kuma ba zai iya saya da kansa ba, domin jihohi da dama sun sa sai ɗan shekara 18.

Ɗan Zariya:
Ni dai, da girmamawa ga Hajiya da Barista, ina bayan jihar da ta rufe ƙofar aikawa. Ku dubi yadda tsarin kanti yake aiki yau. Fiye da jihohi 30 sun wajabta amfani da rajistar kwamfuta ta NPLEx. Ana ɗora katinka a na'ura, nan take ta tambayi rumbun bayanai ko ka saya a wani kantin, har a wata jihar. In ka cika ma'auni, saƙon hana sayarwa ya fito kafin a miƙa maka kwalin. Mai kanta kuma yana kallon fuskarka yana kallon hoton.

To gwada da na gidan waya. Giram 7.5 ɗin nan ma'aunin kowane kamfani ne a kan mai saye. Kamfani na farko bai san abin da na biyu ya aika ba, sai in dukansu suna cikin rajista ɗaya. Rahoton DEA na wata-wata ne, lokacin da zai isa kaya sun daɗe da sauka. Hoton lasisi kuwa kowa na iya ɗaukar na matarsa da na ƙaninsa da na maƙwabcin da ya biya shi dala ashirin. A kanti ma da haka masu haɗa ƙwayar suka kauce wa doka: su tara mutane, kowa ya sayi ƙasa da ma'auni, a haɗa wuri ɗaya. Amma aƙalla can sai kowa ya je da ƙafarsa, kyamara ta ɗauke shi. Ta intanet mutum ɗaya a ɗaki zai yi aikin mutum goma.

Anti Nas:
Ƙanina, ba a musun abin da ka faɗa. Amma ka tuna wa ke yin oda ta gidan waya. Tsohuwar da ta daina tuƙi. Mai keken guragu. Mutumin ƙauyen da kantin magani ɗaya tilo na garinsu ya rufe, na kusa sai an yi tafiyar awa guda. Mai aikin dare da ba ya samun ɓangaren magani a buɗe, domin a manyan kantuna shagon na iya kasancewa a buɗe amma tagar magani ta rufe tun da yamma. Waɗannan su ne doka za ta fara kamawa, ba mai haɗa ƙwaya ba.

Kuma abin da ke ƙona min rai shi ne abin da aka bar musu a madadin. Bayan 2006 kamfanoni suka cika shaguna da mai fenilefirin, wato Sudafed PE da ire-irensa, don shi babu katin shaida, ana aikawa ko'ina. A Satumbar 2023 kwamitin masana da ke ba FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, shawara ya kaɗa ƙuri'a, 16 babu ko ɗaya da ya saɓa, cewa fenilefirin na sha ba ya buɗe hanci a ma'aunin da ake sayarwa. Hanji da hanta ne ke lalata mafi yawansa kafin ya kai jini. A Nuwambar 2024 FDA ta gabatar da shawarar cire shi daga jerin magungunan buɗe hanci da ake sayarwa ba da takardar likita ba. Wato wanda ba zai iya zuwa kanti ba, shekara da shekaru yana biyan kuɗi ana aiko masa abin da ba ya aiki.

Ɗan Zariya:
Anti, wannan gaskiya ne, kuma laifin kamfanoni ne da hukumar da ta daɗe ba ta duba ba. Amma kada mu manta abin da dokokin suka magance. Ɗakin haɗa ƙwaya a cikin gida ba ƙaramin bala'i ba ne: gobara, ƙunar da ke kwantar da mutum wata da watanni a asibiti, yara suna shaƙar guba, gidan haya da sai an kashe dubban daloli kafin a sake zama a ciki. Rahoton ofishin binciken gwamnati na GAO na 2013 ya nuna irin waɗannan wuraren da aka gano sun kai kimanin 24,000 a 2004, suka sauko kusan 7,000 a 2007. Ba addu'a kaɗai ta saukar da su ba, dokar ce.

Barista:
Ƙarasa lissafin, Ɗan Zariya. Rahoton nan dai ya nuna sun sake hawa zuwa kusan 15,000 a 2010, da dokar tana nan daram. Masu yi sun koma haɗa ɗan kaɗan a cikin gora, wanda kwali ɗaya ko biyu ya ishe shi, suka kuma koma tara masu saye. Abin da ya durƙusar da haɗin gida daga baya ya haɗa da kasuwa. Meziko ta hana shigo da sudofedirin a 2008, manyan ƙungiyoyin can suka koma wata hanyar da ba ta buƙatarsa sam, suka cika Amurka da kaya mai arha da ƙarfi. Gwaje-gwajen DEA na shekarun nan suna nuna kusan duk abin da ake kamawa ta wannan hanyar aka yi shi. Wa zai bi kantuna yana tara kwali alhali ga shi a titi ya fi araha?

Jihohin da suka fi kowa tsanani ma sun karanta wannan. Oregon ta mai da shi sai da takardar likita a 2006, Mississippi ta bi a 2010. Dukansu biyu sun soke, daga 1 ga Janairu, 2022 aka koma saye a kanta da katin shaida. Saboda haka duk ɗan majalisar da ya kawo ƙudurin hana aikawa yau, tambayar farko da za a yi masa ita ce: a cikin wuraren da aka kama a jiharka cikin shekara biyar da suka wuce, guda nawa ne maganinsu ya zo ta gidan waya? Idan babu amsa a rubuce, ƙudurin yana yaƙin 2005 ne.

Injiniya:
Ina ganin an mai da maganar ko a buɗe ko a rufe, alhali ramin da Ɗan Zariya ya nuna ana iya cike shi. Babu abin da ya hana kamfanin intanet tambayar rajistar NPLEx kafin ya karɓi kuɗi, kamar yadda kanta ke yi. Matakan a bayyane suke. Mai saye ya ɗauki hoton katinsa gaba da baya, na'ura ta karanta lambar sirrin da ke bayan lasisin ta gwada da rubutun gaba. Ya ɗauki fuskarsa kai tsaye a lokacin, ba tsohon hoto ba, a gwada da na katin. A tura suna da ranar haihuwa da lambar kati da adadin giram zuwa rajista. In ta amince a rubuta cinikin nan take, ya shiga lissafin giram 9 ɗinsa na ko'ina. A aika kawai zuwa adireshin da ke jikin katin.

Inda abin ke lalacewa kuma sananne ne. Wanda ya ƙaura bai sauya adireshin lasisi ba, oda za ta tsaya. Ɗalibin da ke makaranta a wata jihar da lasisin jihar iyayensa, dokar wace jiha za a bi? Amsar ita ce ta inda kayan za su sauka, amma na'urar sai an koya mata. Sunayenmu ma suna jawo cikas: lasisi ya ce Mohammed, asusun kanti ya ce Muhammad, sai a ƙi. Sannan idan an soke oda ko kaya suka ɓace a hanya, dole kamfanin ya koma rajista ya goge cinikin, in ba haka ba mutum ya rasa rabon watansa a kan maganin da bai taɓa gani ba.

Ɗan Zariya:
Injiniya, duk na yarda, saura ɗaya. Wa ya karɓi kwalin a ƙofa? Sai jiha ta ce dole mai kawo kaya ya duba katin shaida kafin ya miƙa.

Barista:
A nan ne gizo ke saƙa, kuma shi ya sa wasu majalisu ke tsallake tsaka-tsakin su tafi ga hani kai tsaye. Jihar Maine ta gwada irin wannan a kan taba. Ta ce mai sayarwa ba zai yi amfani da kamfanin dako ba sai wanda ke tantance mai karɓa. Ƙungiyoyin masu dako suka kai ƙara, a 2008 Kotun Ƙoli ta rushe wannan tanadin a shari'ar Rowe, ta ce dokar tarayya ta 1994 ta hana jihohi tsara wa kamfanonin dako irin hidimar da za su yi. Gidan waya na gwamnati kuwa na tarayya ne, jiha ba ta da iko a kansa. Don haka jiha ta fi samun sauƙin cewa ba a sayarwa sai ido da ido, a kan ta ce a aika amma a duba kati a ƙofa.

Sai dai hanin ma yana da tarko. Idan doka ta ce kantunan cikin jiha za su iya aikawa amma na waje ba za su iya ba, wannan wariya ce ga cinikin tsakanin jihohi. Kotun Ƙoli ta rushe irin wannan a 2005 a shari'ar Granholm, inda Michigan da New York suka fifita masu giyar inabi na cikin gida. Doka mai tsayawa ita ce wadda ta yi wa kowa ma'auni ɗaya.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce ta lasisi. Hukumomin kula da kantunan magani na jihohi suna buƙatar kantin da ke wata jiha ya karɓi lasisinsu kafin ya riƙa aiko da magani ga mazaunansu. Ta nan jiha za ta iya cewa: kana son sayar wa mutanenmu, to ka shiga rajista kafin kowane ciniki, ka bi ma'auninmu. Sharaɗin yana kan mai sayarwa da abin da yake yi a ofishinsa, bai taɓa mai dako ba.

Hajiya Mai Kemis:
A ƙara da batun ma'aunin jiha, don shi ne ke sa kamfanin intanet ya haƙura da wasu jihohin. Ba lamba ɗaya ba ce a ko'ina. Kentucky a 2012 ta sa giram 7.2 a wata da 24 a shekara. Tennessee a 2014 ta sa 5.76 cikin kwana 30 da 28.8 a shekara. West Virginia ta sa 48 a shekara, Indiana 61.2. In ka raba za ka ga daga ina lambobin suka fito: miligiram 240, wato iyakar abin da babba zai sha a rana, sau 30 shi ne 7.2. Sau 24 shi ne 5.76. Sau 120 shi ne 28.8, wato wata huɗu a shekara. Majalisu suna gyara waɗannan lambobi lokaci zuwa lokaci, don haka a duba shafin hukumar magunguna ta jiha kafin a dogara da tsohon lissafi.

Wasu jihohin kuma ba lamba kaɗai suka sa ba. Arkansas a 2011 ta ɗora wa mai harhaɗa magani nauyin ya tantance da kansa ko mai sayen yana da buƙata ta gaskiya. Indiana ta kawo makamancin haka a 2016, inda wanda kantin ya san shi a rajistarsa yake samun sauƙi a kan baƙo. Tennessee da wasu suna da jerin waɗanda aka taɓa yanke wa hukunci kan ƙwayar, su rajista ke toshe su gaba ɗaya. Yaya shafin intanet zai yi wannan hukunci na ido da ido? Sai dai ta kiran bidiyo da ma'aikaci, kuma kuɗin wannan ya fi kuɗin maganin.

Baban Sadiq:
To wanda Anti ta kwatanta, mara lafiyar da ba ya iya fita, ba shi da mafita ke nan?

Hajiya Mai Kemis:
Yana da ita, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Ma'aunin CMEA na saye ne ba da takarda ba. Idan likita ya rubuta sudofedirin a takarda, an fita daga lissafin giram 3.6 da 9, kantin magani mai lasisi zai cika shi kamar kowane magani, har a aiko gida. Ga iyalin da mutum biyu ko uku ke sha a lokacin furen itatuwa, wannan ce hanya mafi aminci: kowa da takardarsa da sunansa. Illarta kuɗin ganin likita, kuma inshora ba lallai ta biya maganin ba.

Abin da ba a yi shi ne aiken wani ya sayo da katinsa a kai a kai ba tare da lissafi ba, ko rubuta adireshin ƙarya a rajista. Ƙarya a rajistar laifin tarayya ne, gargaɗin yana nan a allon da kake sa hannu: tara har dala 250,000 da ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Wuce ma'auni ma ba wasa ba ne. A 2009 an kama wata kaka a Indiana don ta sayi kwali biyu cikin mako ɗaya, ɗaya na mijinta ɗaya na 'yarta, ta haye ma'aunin giram 3 na kwana bakwai da jihar ke da shi a lokacin.

Anti Nas:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da nake ganin ya fi ƙarfi a hujjar masu son ido da ido, wanda Ɗan Zariya bai ma ambata ba. Maganin nan ba na kowa ba ne. Yana ɗaga hawan jini, yana sa bugun zuciya da sauri, yana hana barci in an sha da yamma. Dattijo mai kumburin mafitsara ta maza zai iya kasa yin fitsari. Mai hawan jinin ido, mai ciwon maƙoƙo, mai ciwon suga, duk su tambayi likita tukuna. Wanda ya sha maganin damuwa na rukunin MAOI cikin kwana 14 da suka wuce kada ya taɓa shi sam. Yana rage ruwan nono ga mai shayarwa. Ta awa 12 ko 24 ba a tauna ta ba a fasa ta, in an yi haka duk maganin zai zubo lokaci ɗaya. Kuma ba a wuce kwana bakwai ana sha ba tare da an ga likita ba. Faransa ta mai da shi sai da takardar likita a Disambar 2024, kuma dalilinta haɗarin shanyewar jiki da ciwon zuciya ne, ba ƙwaya ba.

Mu da hawan jini ya yi wa yawa a cikin al'umma, tambaya ɗaya daga bakin mai kanta na iya hana masifa. Duk da haka ban ga dalilin da zai sa ba za a yi wannan tambayar a shafin oda ba, a kuma sa lambar da za a kira mai harhaɗa magani.

Wanda kuma aka hana shi ko jikinsa bai dace ba, akwai abin da ake aikawa ba takura. Feshin hanci mai oksimetazolin, irin Afrin, yana buɗewa cikin mintuna, amma kada a wuce kwana uku, in an wuce hancin zai toshe fiye da da, mutum ya kasa rabuwa da kwalbar. Ga mai rashin jituwa da ƙura ko fure, feshin Flonase ya fi dacewa, sai dai yana ɗaukar kwanaki kafin a ji cikakken aikinsa. Wankin hanci da ruwan gishiri ma yana taimako, amma da ruwan da aka tafasa ya huce, ba na famfo kai tsaye ba.

Injiniya:
Wani abu da ba a taɓo ba: shafukan ƙasashen waje. In jiha ta rufe masu lasisi na cikin gida, mai nema zai buga sunan maganin a waya, shafin farko da zai ce zai aiko ba tambaya shi ne wanda ba ya cikin kowace rajista. Dokar tarayya ta ce a cikin giram 9 ɗin nan, abin da za a shigo da shi ta gidan waya ko kamfanin dako kada ya wuce 7.5, amma shafin da ke wata nahiya bai damu da wannan ba, mai karɓa ne zai amsa tambaya in kwastan suka buɗe. Ga kuma rashin tabbas a kan abin da ke cikin ƙwayar.

Ɗan Zariya:
Wannan hujjar ta fi ta Barista kama ni. Amma ina nan a kan cewa idan aka sassauta a ko'ina lokaci ɗaya, haɗin gida zai iya dawowa ranar da kayan Meziko suka yi tsada ko aka toshe hanyarsu. Kuma mu 'yan Najeriya mun ga yadda maganin halal ke zama annoba in babu rajista. Sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a Mayun 2018, bayan ya gama da matasa da matan aure a Kano da Jigawa da sauransu. Metamfetamin ɗin ma ba baƙo ba ne: a 2016 NDLEA ta kama babban wurin haɗa shi a Asaba har da 'yan Meziko huɗu a ciki. Abin da zan iya amincewa da shi shi ne a bar oda ta intanet, a biya a can, amma a karɓa a kanta da kati. Aikawa gida kuwa a taƙaita ga mai takardar likita.

Barista:
Wannan matsayin naka kusan shi ne abin da ake yi yanzu a aikace a wurare da yawa, ba tare da sabuwar doka ba. Bambancinmu ɗaya ne: ni ina ganin kamfanin da ya yarda ya shiga rajista kafin ciniki, ya tantance fuska da kati, ya karɓi lasisin jiha, bai kamata a hana shi ba. Duk wanda zai rubuta wa ɗan majalisarsa kan irin wannan ƙuduri, ya karanta rubutun ya nemi abu huɗu. Shin an keɓe mai takardar likita a fili? Ma'aunin ainihin sinadari ake nufi ko nauyin jikin kwali? Wane katin shaida aka yarda da shi, domin tarayya tana karɓar katin zama na dindindin, amma jiha na iya taƙaitawa ga lasisinta, wanda zai fitar da sabbin zuwa da baƙi? Sannan kalmar aikawa ta haɗa da ma'aikacin kantin unguwa da ke kai wa tsofaffi magani gida, ko kamfanin dako kaɗai ake nufi? Kalma ɗaya a wannan sashe ita ke raba tsohuwar da Anti ta ambata da maganinta.

Baban Sadiq:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe, Hajiya. Idan na'ura ta ƙi mutum alhali ya tabbata bai cika ma'auni ba, me zai yi? Kuma kwana 30 ɗin daga farkon wata ake ƙirgawa?

Hajiya Mai Kemis:
Amin. Ba daga farkon wata ba ne. Rajista tana waiwayar kwana 30 ne daga ranar da kake tsaye a kanta. In ka sayi babban kwali ranar 25 ga wata, shigowar sabon wata bai goge shi ba, sai ya cika kwanakinsa.

In an ƙi ka, kada ka yi jayayya da ma'aikacin, shi ba ya ganin tarihin sayayyarka, saƙon hani kawai yake gani. Ka ce ya ba ka takardar da ke ɗauke da lambar cinikin da aka ƙi. Da wannan lambar za ka shiga shafin NPLEx na masu saye ka ga dalili. Yawanci ɗaya ne cikin uku: ka manta cewa maganin mura na haɗe-haɗe da ka saya, irin Advil Cold & Sinus, shi ma yana da sudofedirin ya shiga lissafi; ko an ɗora ciniki ɗaya sau biyu lokacin da na'ura ta tsaya, ba a goge na farkon ba; ko wani yana amfani da bayanan katinka. Na biyun, kantin da ya yi kuskuren ne zai goge, ka koma can da rasit ɗinka. Na ukun kuwa ka kai rahoto ga 'yan sanda da hukumar da ta ba ka lasisin tun a ranar, domin duk giram ɗin da aka saya da sunanka yake rubuce.